John Stevens, Injiniyan Da Ya Tsai Da Haƙa Domin A Samu Mashigin Panama

A filinmu na tarihin mutanen da suka bar aiki a doron ƙasa, yau za mu ƙetara teku zuwa nahiyar Amurka, mu kawo muku labarin John Frank Stevens, injiniyan da gwamnatin Amurka ta ɗauka a shekara ta 1905 domin ya shugabanci ginin mashigin ruwan Panama. Mutumin nan bai taɓa haƙa mashigin ruwa ba kafin a kira shi, ba shi da takardar shaidar wata babbar makarantar injiniyoyi, kuma bai cika shekara biyu a kan aikin ba. Duk da haka, wanda ya gaje shi ya ƙarasa ginin ya shaida da bakinsa cewa bisa harsashin Stevens ya ɗora. Labarin ya cancanci kulawar duk wanda hukuma ta aza ma nauyin zaɓen mutumin da za a danƙa ma babban aiki.

Ɗan makarantar horon malamai

An haifi Stevens ran 25 ga watan Afrilu 1853 a ƙauyen West Gardiner, cikin jihar Maine, can kusurwar arewa maso gabas ta ƙasar Amurka. Ɗan manoma ne. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta garin Farmington, ya ɗan taɓa koyarwa, amma zuciyarsa ba ta zauna cikin aji ba. Yana da shekara 20 ya nufi yamma, ya sauka birnin Minneapolis, inda ya samu aiki a ofishin injiniyan birni. Aikinsa na fari shi ne riƙe sanda ga masu awon ƙasa. Da rana yana bin su yana kallon yadda suke yi, da dare kuma ya buɗe littattafan lissafi yana koya ma kansa.

A wancan zamani Amurkawa sun duƙufa wajen shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa daga gabas zuwa yamma. Stevens ya bi wannan sana'a tun daga ƙasa. Ya yi leburanci a kan layin dogo a jihar Texas, ya zama mai awo, ya zama mai zaɓen inda hanya za ta bi. Ya yi aiki cikin duwatsun ƙasar Kanada, ya komo ya yi a jihar Michigan. Shekara da shekaru tanti ne ɗakinsa, tare da leburori yake ci, tare yake kwana. A nan ya koyi abin da ya amfane shi daga baya: ya san abin da ma'aikaci yake bukata kafin a nemi ƙarfinsa.

Daren da ya kwana yana tafiya

A 1889 wani babban attajirin jiragen ƙasa mai suna James Hill ya ɗauke shi aiki a kampanin Great Northern. Burin Hill shi ne ya kai layinsa har bakin tekun Pasifik, amma dogayen duwatsun Rocky sun tare hanya. An daɗe ana jin labarin wata kafa mai sauƙin hawa tsakanin duwatsun, a jihar Montana, sai dai masu awon kampani ba su san wurinta ba. Cikin watan Disamba, tsakiyar hunturu, Stevens ya fita nemanta tare da ɗan jagora guda daga cikin mutanen asalin ƙasar. Da tafiya ta yi tsanani jagoran ya kasa, Stevens ya hura masa wuta ya bar shi, ya ci gaba shi kaɗai cikin dusar ƙanƙara har ya kai kafar, wadda ake kira Marias. Dare ya same shi a can, sanyi ya kai kimanin digiri 40 ƙasa da sifiri. Ya san in ya kwanta ba zai tashi ba, saboda haka ya tattake ƴar hanya cikin ƙanƙara, ya yi ta kai da kawowa a kanta har gari ya waye.

Kafar nan ta rage ma layin tsawon fiye da kilomita 150. Hill bai manta ba. A 1895 ya naɗa Stevens babban injiniyan kampanin, kuma a ƙarƙashinsa aka huda dutsen Cascade, aka yi ma jirgi hanya mai tsawon kilomita 4 da ɗoriya. A 1903 ya koma wani kampanin jiragen ƙasa a birnin Chicago, har ya kai matsayin mataimakin shugaba.

Aikin da ya gagari Faransawa

Kafin mu ci gaba, sai mu bar Stevens a Chicago, mu duba halin da ake ciki a Panama. Ƙasar siririya ce, ta haɗa Amurka ta Arewa da ta Kudu, ta kuma raba tekun Atlantika da na Pasifik. In aka tsaga ta aka yi ma jiragen ruwa hanya mai tsawon kimanin kilomita 80, jirgin da ya tashi daga New York zuwa San Francisco zai huta da kewayen kimanin kilomita dubu 13.

Faransawa ne suka fara gwadawa a 1881, ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, wanda ya buɗe mashigin Suwez na ƙasar Masar a 1869. Amma Suwez rairayi ne da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, Panama kuwa kurmi ne da tuddai da ruwan sama na wata takwas ko fiye. Gangaren da aka haƙa yakan zabtare ya cike ramin. Ciwon shawara da masassarar cizon sauro suka yi ta ɗibar mutane, domin a lokacin likitoci ba su yarda sauro ne ke yaɗa su ba. A asibitin kampani har akan tsoma ƙafafun gadon majinyata cikin kwanonin ruwa don hana tururuwa hawa, ashe gidan haihuwa ake yi ma sauro. A 1889 kampanin ya karye, bayan mutuwar mutane kimanin dubu 22, dubban iyalai a Faransa kuma suka rasa ajiyarsu.

A watan Nuwamba 1903 Panama ta ɓalle daga ƙasar Kolombiya da goyon bayan Amurka. Gwamnatin shugaba Theodore Roosevelt ta biya Faransawa dala miliyan 40 kuɗin kayansu da haƙƙinsu, ta biya Panama miliyan 10. Dalar Amurka muke nufi, kada a haɗa ta da dalarmu ta kasuwa. A watan Mayu 1904 aiki ya koma hannun Amurkawa, aka naɗa John Wallace babban injiniya.

Wallace ƙwararre ne, amma an ɗaure masa hannu. Bisa kansa akwai kwamiti na mutum 7 a birnin Washinton, kome ƙanƙantar bukata sai ta bi ta teburinsu. Kayan da aka nema sukan yi watanni ba su iso ba, hayar amalanke ta awa guda sai an cika takardu shida. Jaridu kuma suna matsa lamba a ga ƙasa tana tashi, saboda haka aka shiga haƙa alhali ba a shirya inda za a kai ƙasar ba, ba a shirya ma ma'aikata makwanci ko abinci ba. A farkon 1905 shawara ta ɓarke. Kimanin kashi uku cikin huɗu na ma'aikata Amurkawa suka tsere, a watan Yuni kuma Wallace da kansa ya ajiye aiki.

Yadda aka ɗauke shi

A daidai wannan lokaci Stevens yana haɗa kaya zai tafi tsibiran Filifin, inda gwamnati ta nemi ya duba mata aikin jiragen ƙasa. Roosevelt da ministansa na yaƙi William Taft, wanda aikin mashigin ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, suna neman wanda zai ceci al'amarin. Ƙasar ba ta rasa injiniyoyin ruwa masu manyan takardu ba. Amma James Hill, wanda ya ga aikin Stevens shekara 14, ya ba da shaidarsa, shugaban ƙasa kuma ya karɓi shaidar wanda ya gani da ido.

Da fari Stevens ya ƙi. Da aka nace, sai ya kafa sharuɗɗa. Ya nemi a sakar masa mara a kan kome, kada wani babba ko ƙarami ya sa masa hannu cikin aiki. Ya kuma faɗa tun daga farko cewa zai zauna ne kawai har ranar da, a ganinsa, nasara ta tabbata ko kuma ta bayyana aikin ba zai yiwu ba. Roosevelt ya amince. Aka yanka masa albashin dala dubu 30 a shekara. Ya sauka Panama a ƙarshen watan Yuli 1905, yana da shekara 52.

Abin da ya tarar ya isa ya karya zuciyar kowa. Kaya sun yi tsibi a tashar Colón ba mai kwashewa, abinci ya yi tsada ƙwarai, duk jirgin da zai koma Amurka cike yake da masu gudu. Stevens bai zauna ofis ba. Ya sa dogayen takalma da malafa, kullum yana cikin taɓo yana bin layi da ƙafa, yana hawa tudu, yana tambayar ƙananan ma'aikata. Da yake ba a raba shi da tabar sigari, suka laƙaba masa Babban Hayaƙi. Ganin babba yana yawo a inda ake tsoron mutuwa ya kwantar ma mutane da hankali.

Umurnin da ya ba kowa mamaki

A farkon watan Agusta, bai fi ƴan kwanaki da zuwa ba, ya ba da umurni a tsai da haƙa a tudun Culebra, wurin da ya fi ko'ina wuya. An ɗauke shi domin ya haƙa, ga shi ya hana haƙa. Shi kuwa ya riga ya gane sai an gyara zaman mutane da hanyar kaya kafin injin haƙa ya yi amfani.

Ya fara da lafiya. Akwai likitan soja a wurin, William Gorgas, wanda ya kawar da shawara daga birnin Havana na ƙasar Kuba ta hanyar yaƙi da sauro. Likita Carlos Finlay ɗan Kuba ne ya fara nuna sauro da yatsa a 1881, binciken Walter Reed kuma ya tabbatar da maganarsa a 1900. Duk da haka manyan kwamiti suna ɗaukar zancen sauro shirme, suna hana Gorgas kaya, har ana shirin tuɓe shi. Stevens ba likita ba ne, amma ya tsaya bayan likitan. Ya sa bukatun Gorgas a gaban na kowa, ya ba shi ma'aikata kimanin dubu 4, ya sa hannu a sayo ragar tagogi ta dala dubu 90. Sauron shawara cikin ruwa mai tsabta na gida yake ƙwai, a randa da ganga da gwangwani. Saboda haka aka bi biranen Panama da Colón gida gida, ana turare ɗakuna da farar wuta, ana rufe randuna, ana zuba mai bisa ruwan da ya kwanta. Aka ja ma biranen ruwan famfo, aka yi magudanai, aka daɓe tituna. Ran 11 ga watan Nuwamba 1905 aka yi mutuwar ƙarshe ta shawara a birnin Panama. Masassara ba ta ƙare ba, amma ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo.

Sannan ya juya ga ciki da makwanci. Ya gina gidaje da ɗakunan cin abinci da asibitoci da makarantu. Ya kafa ɗakin sanyi na ajiye nama, da gidan burodi, da kantunan da ma'aikata ke saye da rahusa, kowace safiya kuma jirgin abinci yana bin layi yana saukewa zango zango.

Na uku shi ne abin da ya fi sani, wato jirgin ƙasa. Ya lura haƙa ƙasa abu ne mai sauƙi, kwashe ta ne wuyar, domin injin da ba tarago a gefensa tsaye yake ko da sabo ne. Tsohon layin Panama, wanda aka gama tun 1855, ya lalace. Stevens ya sa aka sake shi da ƙarfe mai nauyi, aka mai da shi layi biyu, aka ƙarfafa gadoji, aka sayo manyan kawunan jirgi da taragu. Cikin Culebra ya tsara layuka hawa hawa, ta yadda taragun da ba kaya suke hawa tudu, masu kaya kuma suke gangarowa. Da aka koma haƙa, jirage suka yi ta shiga da fita ba tsayawa, ƙasar da aka kwaso kuma aka yi cike da ita.

Wajibi ne mu faɗi wanda ya ɗauki wahalar. Mafi yawan leburorin baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Tsibirin Barbados kaɗai ya ba da kusan mutum dubu 20 a tsawon aikin, ga kuma na Martinik da Gwadalup. An raba ma'aikata gida biyu, farare ana biyansu da kuɗin zinariya, baƙaƙe da na azurfa, kuma gidaje da kantuna da wuraren ci duk a ware suke. Stevens bai rushe wannan wariya ba. Ya raina ƙwazon baƙaƙen, har ya sa aka ɗauko leburori daga ƙasar Spaniya, ko da yake ya gane rashin abinci mai kyau yana cikin abin da ke raunana su, ya sa a riƙa dafa musu. Daga cikin mutum kimanin dubu 5 da ɗari 6 da suka mutu a zamanin Amurkawa, mafi yawa su ne. Tarihin da ya yabi injiniya ya manta da su bai cika ba.

Gardamar siffar mashigi

Har zuwa lokacin ba a yanke irin mashigin da za a gina ba. Wasu na son a tsaga ƙasa har ta yi daidai da bakin teku, kamar Suwez. Roosevelt ya tara manyan injiniyoyi 13 na Amurka da Turai, 8 daga cikinsu suka zaɓi wannan hanya. Stevens ma da wannan ra'ayi ya zo, amma da ya ga kogin Chagres da damina, yadda yake cika ya yi ambaliya cikin kwana guda, sai ya sake tunani. Ya goyi bayan ƴan tsirarun da suka ce a datse kogin a Gatun, a samu babban tafki mai tudun mita 26 bisa teku. Jirgi zai shiga wani dogon ɗaki na kankare, a rufe ƙofofi, a sako ruwa har ya ɗaga shi, ya wuce ɗaki na gaba. Hawa uku ya kai tafki, ya ratsa, hawa uku kuma ya sauka ɗaya tekun. Da haka kogin da ke barazana ga aikin zai zama mai ciyar da shi, haƙa kuma ta ragu da yawa. Wani injiniya Bafaranshe, Godin de Lépinay, ya kawo irin wannan shawara a taron Paris tun 1879, ba a saurare shi ba.

Stevens ya tafi Washinton, ya shawo kan shugaban ƙasa, ya tsaya gaban ƴan majalisa yana bayani da harshen da kowa ke ganewa. A watan Yuni 1906 majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 36 bisa 31. A watan Nuwamba Roosevelt ya je ya ga aikin da idonsa, kuma shi ne karo na farko da shugaban Amurka ya fita ƙasar waje yana bisa mulki.

Tafiyarsa

A ƙarshen watan Janairu 1907, aiki yana tafiya daidai, Stevens ya rubuta ma shugaban ƙasa wasiƙa mai zafi, yana nuna gajiyarsa da sukar ƴan siyasa, da cewa ba ya ɗokin ci gaba. Roosevelt ya ɗauki wasiƙar a matsayin murabus. Har ya mutu Stevens bai faɗi dalili ba, ban da cewa al'amari ne na kansa, kuma ya cika alkawarin da ya ɗauka na zama har nasara ta tabbata. Ranar da zai tashi ma'aikata suka cika tashar jirgin ruwa suna yi masa ban kwana.

Injiniyoyi biyu farar hula sun tafi sun bar shugaban, saboda haka ya ƙudura ba da aikin ga soja, wanda ba ya barin wuri sai an sallame shi. Ran 1 ga watan Afrilu 1907 hafsan soja George Goethals ya karɓa, daga baya kuma aka tattara iko duka a hannunsa. Ya yi shekara 7 yana fama da zabtarewar ƙasa da zuba kankare, har ran 15 ga watan Agusta 1914 jirgin ruwa mai suna Ancon ya ratsa, aka buɗe mashigin. Amurka ta riƙe shi har ran 31 ga watan Disamba 1999, sa'ad da ta miƙa shi ga Panama bisa yarjejeniyar 1977.

Stevens ya koma ga jiragen ƙasa. A 1917 shugaba Woodrow Wilson ya aike shi Rasha ya taimaka wajen gyara layin da ya ratsa Saberiya, ya zauna a wannan yanki har 1922, cikin juyin juya hali da yaƙin basasa. A 1925 aka kafa mutum-mutuminsa a kafar Marias, a 1927 kuma injiniyoyin gine-gine na Amurka suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu. Ya rasu ran 2 ga watan Yuni 1943 a Southern Pines, jihar Karolina ta Arewa, yana da shekara 90.

Jama'a, Wallace da Stevens duka injiniyoyin jirgin ƙasa ne, ƙasa guda suka haƙa, gwamnati guda ta biya su. Na farko an ba shi muƙami an riƙe iko, aka kuma matsa masa ya nuna rami kafin ya shirya. Na biyu an zaɓe shi bisa shaidar aikin da ya yi, ya faɗi sharuɗɗansa tun ba a sa hannu ba, waɗanda suka ɗauke shi kuma suka daure watanni suna jiran haƙar da ya jinkirta. Duk ma'aikacin da takardar ɗaukar injiniya za ta biyo ta teburinsa, ko ta madatsar ruwa ce, ko ta hanyar ban ruwan gonaki, yana da kyau ya tambayi wanda ya ga aikin mutumin, ya kuma duba ko an tanadi ruwan sha da magani da abincin waɗanda za su riƙe shebur. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.